Yadda Ake Shawo Kan Faɗan Kifin Kilawun da Zaɓa Masa Abokan Zama a Tankin Murjani

Wanda ya fara ganin kifin kilawun a bayan gilashi, da jikinsa ruwan lemo da fararen ɗamaru uku, yana iyo yana rangaji kamar wanda ake yi wa kiɗa, da wuya ya yarda cewa wannan ɗan halitta da bai wuce tsawon yatsa ba zai iya hana kowane kifi sakat a cikin tanki. Amma haka abin yake. Kilawun ɗan dangin Pomacentridae ne, dangin da aka sani da tsare muhalli da saurin kai farmaki, kuma kyan launinsa bai rage komai daga wannan gado ba. Faɗansa a kan abu biyu yake, matsayi da mazauni, kuma mafi yawan maganinsa ana yin sa ne tun kafin kifin ya shiga ruwa.

Mataki na farko: ka san tushen rigimar

A teku, kilawun ba mai yawo ba ne. Ana samun sa a ruwan ɗumi na tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, har da Bahar Maliya, kuma yana ƙare rayuwarsa a jikin anemoni ɗaya, wato wata dabbar teku mai kama da fure wadda yatsunta ke harbi da dafi. Yauƙin da ke jikin kilawun yana kare shi daga harbin, don haka yana kwanciya a inda sauran kifaye ba sa kusanta. Ranar da ya rasa wannan mafaka, ranar ce manyan kifaye za su yi kalaci da shi. Shi ya sa yake tsare 'yar farfajiyarsa iya ransa, ko da a tankin da babu abin da zai cinye shi.

A cikin kowace anemoni akwai tsarin girma da ba a tsallakewa. Mafi girma ita ce mace, mai bi mata shi ne mijinta, sauran kuma ƙanana ne da ba sa haihuwa, suna jiran layi. Babu kilawun da ake ƙyanƙyashewa a matsayin mace. Idan macen ta mutu, mijin ne zai ƙara girma ya rikiɗe ya zama mace, babba a cikin ƙananan ya hau gurbinsa, kuma wanda ya riga ya zama mace ba ya komawa namiji har abada. Masanin halittu Peter Buston, wanda ya yi nazarin nau'in Amphiprion percula a gaɓar Madang ta ƙasar Papua New Guinea, ya wallafa a 2003 cewa kowane kifi yana tsayar da girmansa a kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ke gabansa, don kada ya zama barazana a kore shi. A 2024 kuma masu bincike a Okinawa ta Japan suka nuna cewa nau'in Amphiprion ocellaris ya fi kai wa kifi mai fararen ɗamaru uku hari fiye da mai biyu ko ɗaya ko maras ko ɗaya. Daga waɗannan za ka iya hango inda rigima za ta fi tsanani: tsakanin biyu masu girma ɗaya, tsakanin mata biyu, da kuma tsakanin kilawun da duk wanda ya yi kama da shi.

Mataki na biyu: zaɓi nau'in da za ka iya da shi

Nau'o'in kilawun sun kai kusan 30, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Ocellaris da percula, waɗanda ba su cika wuce santimita 8 zuwa 11 ba, su ne suka fi sauƙin kai, tare da masu farin layi a gadon baya irin su Amphiprion perideraion, waɗanda ma sau da yawa su ake cin zalinsu. Amphiprion clarkii da Amphiprion frenatus mai jan jiki suna kai santimita 14 zuwa 15, kuma mace a cikinsu idan ta manyanta takan mallake rabin tanki. A ƙarshen layi akwai marun, nau'i mai launin ja mai duhu, wanda aka daɗe ana kira Premnas biaculeatus, mai kai santimita 17. Macen marun tana iya ture ƙananan murjani, wato halittun teku masu rai da ke manne a jikin dutse kamar tsiro, daga kan dutse, ta kwashe yashi da wutsiya, ta kashe mijin da ba ta so cikin dare ɗaya. A ganina, wanda yake son tanki mai kifaye iri-iri masu sanyin hali ba shi da hurumi da marun, komai kyan da ya yi masa a wurin mai sayarwa.

Masu launuka na musamman da ake kiwatawa, baƙaƙe da masu farin dabbare-dabbare, yawancinsu ocellaris ne ko percula, kuma halinsu na nau'insu ne. Baƙin ocellaris da mai ruwan lemo suna iya zama mata da miji. Abin da ba a so shi ne haɗa nau'i biyu dabam a tanki ɗaya, domin ƙaramin nau'in ne zai sha wuya. Ka fi son waɗanda aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo a kan waɗanda aka kamo daga teku, saboda sun saba da abincin hannu kuma ba su cika zuwa da cuta ba.

Mataki na uku: shirya tankin da faɗa a zuciya

Mata da mijin ocellaris su kaɗai suna iya zama a lita 75, amma idan ana son ƙara musu abokan zama, gara a fara daga lita 120 zuwa sama. Clarkii da marun tare da wasu kifaye suna bukatar lita 200 ko fiye. Tsawon tanki ya fi zurfinsa muhimmanci a nan, domin abin da kifin da aka kora yake nema shi ne nisa.

Jera duwatsu shi ne inda mutane da yawa ke kuskure. Sukan jingina su a bangon baya kamar katanga ɗaya doguwa, ta yadda kilawun da ke zaune a tsakiya yana hango kowa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Maimakon haka, ka raba duwatsun tsibi biyu ko uku, ka bar rata a tsakaninsu, ka sa ɗaya ya fi tsayi don ya tare gani. Kilawun ba ya bin abin da ba ya gani. Ka bar koguna masu ƙofa biyu, domin kogo mai ƙofa ɗaya tarko ne ga wanda aka biyo. Sannan ka rufe saman tankin da murfin raga, saboda kifin da aka matsa wa lamba sama yake tsalle, kuma da safe a ƙasa ake tsintar sa a bushe.

Ruwa kuma ya tsaya a kan ma'auninsa: ɗumi tsakanin digiri 24 da 27, nauyin gishiri 1.025 zuwa 1.026, ammoniya da nitrait (nitrite), gubobin da ke samuwa daga kashin kifi, su zama sifili. Kifin da aka yaga wa fiffike yana warkewa cikin makonni kaɗan a ruwa mai tsabta, amma a gurɓataccen ruwa ciwon ruɓewa yake yi.

Mataki na huɗu: haɗa mata da miji

Ƙa'idar ita ce ɗaya ko biyu. Uku ita ce mafi munin ƙidaya, domin da zarar biyu sun daidaita, sai su haɗa kai a kan na ukun har sai sun ga bayansa. Akwai masu zuba ƙanana goma ko fiye 'yan ƙyanƙyasa ɗaya a babban tanki don faɗan ya rarrabu, kuma abin yakan yi kyau shekara ɗaya ko biyu, amma da yawa daga irin waɗannan tankuna suna ƙarewa ne da kifaye biyu bayan sauran sun ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ba aikin sabon shiga ba ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi ƙanana biyu tun ba su balaga ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma yadda ido zai gani, ka sa su cikin ruwa lokaci ɗaya. Babban zai zama mace, ƙaramin ya tsaya namiji, kuma tazarar girman ta rage musu jayayya. Idan kuwa kana da kilawun da ya yi watanni shi kaɗai a tanki, to ka ɗauka ya riga ya zama mace, ko yana kan hanya. Abokin da za ka kawo mata dole ya kasance ƙarami sosai, kamar rabinta, kuma ka zaɓo shi daga cikin garke, ba wanda shi ma aka ajiye shi kaɗai ba. Kada ka ɗauki mafi girman garken. Ga marun, tazarar ta fi haka: ɗan ƙarami da bai wuce kashi ɗaya cikin uku na girmanta ba, kuma ba a sake shi kai tsaye sai an bi ta akwatin sabo da za a yi bayaninsa a gaba.

Mataki na biyar: bambance daidaita matsayi da yunƙurin kisa

Nan ne aikin ido yake, kuma nan ne ya kamata ka ja kujera ka zauna gaban gilashi. A kwanakin farko dole ne a yi 'yar kora. Babbar za ta taso da gudu ta nufi ƙaramin, shi kuma idan mai hankali ne sai ya karkata gefe guda, jikinsa ya ɗauki karkarwa na daƙiƙa ɗaya ko biyu kamar wanda lantarki ya ja. Sabon mai kiwo yakan firgita ya zaci cuta ce. Wannan karkarwa mubaya'a ce, yana nuna mata ya yarda ita ce gaba, kuma za ka ga ta juya ta ƙyale shi. Idan ɗaki ya yi shiru har za ka iya jin wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin ruwa, wanda Eric Parmentier na Jami'ar Liège ta Beljiyam da abokan aikinsa suka nuna a 2007 cewa daga haɗuwar haƙoran kifin yake fitowa. Muddin ƙaramin yana fitowa cin abinci, kuma da dare suna kwana kusa da juna, to kada ka sa hannu. Irin wannan yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni, ko da yake macen ba za ta daina tuna masa matsayinsa jefi-jefi ba.

Alamun da ke nuna abin ya wuce gona da iri dabam suke. Idan ka ga sun kama bakin juna suna juyawa babu mai saki, to babu wanda ya yarda ya zama na ƙasa, kuma mai yiwuwa mata biyu ne a hannunka. Idan ɗaya ya maƙale a kusurwar sama, ko bayan famfo ko na'urar ɗumama ruwa, launinsa ya koɗe, numfashinsa ya yi sauri, fikafikansa sun yage, abinci na wucewa ta gabansa bai kula ba, to wannan ba ya jiran gobe. Ka raba su a ranar. Kifin da aka hana ci da hutawa yana iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku, wani lokaci ba tare da wani babban rauni a jikinsa ba.

Mataki na shida: zaɓen maƙwabta

Tambaya uku ce za ka yi a kan kowane kifi: yana kama da kilawun a siffa, yana neman wurin zama iri ɗaya da shi, kuma bakinsa zai iya haɗiye shi? Wanda ya tsallake ukun nan yawanci lafiya lau ne.

Mazauna ƙasa su ne suka fi dacewa. Ɗan kifin gobi mai ruwan ɗorawa, Cryptocentrus cinctus, wanda ke zama rami ɗaya da wani jatan lande mai haƙa, harkarsa a kan yashi take, kuma kilawun ba ya ma lura da shi. Ƙananan kifayen bileni na jinsin Ecsenius suna zama a ramukan dutse suna kiwon gansakuka. Gramma loreto, ɗan tekun Karibiyan mai rabin jiki shunayya rabi ɗorawa, yana da kogonsa, kuma idan aka matso yakan wage baki ya ba da tsoro, abin ya tsaya nan. Kifin kadinal na tsibiran Banggai a Indonesiya mai natsuwa ne, haka ma ƙananan kifayen ras na jinsin Cirrhilabrus da Paracheilinus, waɗanda saurinsu ya fi ƙarfin kilawun. A babban tanki, tang mai ruwan ɗorawa, wani kifi mai faɗin jiki mai cin gansakuka, yana zama da shi ba matsala. Jatan lande mai share jikin kifi, Lysmata amboinensis, da dodon koɗi duk ba ruwan kilawun da su.

Nemateleotris magnifica, siririn kifin nan mai jan wutsiya, yana tsaka-tsaki. Da ocellaris a tanki mai faɗi yana zama, amma matsoraci ne kuma gwanin tsalle, don haka da clarkii ko marun ɓuya zai yi har yunwa ta kashe shi.

Waɗanda za ka kauce wa kashi uku ne. Na farko 'yan uwansa na dangi, musamman jinsin Dascyllus, waɗanda wasunsu ma a teku suna raba anemoni da shi, ga kuma ɗamarun jikinsu. Da su za a haɗa ƙananan kifaye mafaɗata irin su dotibak, mai zama a ramukan dutse, da ras ɗin nan Pseudocheilinus hexataenia mai layuka shida, waɗanda a ƙaramin tanki rigima ba ta ƙarewa da su. Na biyu masu haɗiya: kifin zaki na jinsin Pterois, da gurufa mai ƙaton baki, da manyan kifayen moray masu siffar maciji. Suna shigowa ƙanana, amma girma suke yi, kuma ran da bakin ya isa, ran nan kilawun ya tafi. Na uku masu sanyin ci irin su dokin teku, ɗan kifin nan mai kai kamar na doki, waɗanda ko ba a taɓa su ba, kilawun zai riga su cinye komai.

Mataki na bakwai: wa zai fara shiga

Mai wuri shi ke da iko, don haka masu sanyin hali su fara shiga su kama gidajensu, mafaɗata su zo daga baya. Ocellaris ƙanana suna iya shiga da wuri, amma clarkii da frenatus da marun su ne na ƙarshe. Kowane sabon kifi ya yi makonni huɗu a tankin killacewa tukuna, wato wani tanki dabam da ake duba lafiyarsa a ciki. Cututtuka irin su Brooklynella, wadda ta fi kama kilawun har ake kiran ta da sunansa, da ƙurajen farin ɗigo na Cryptocaryon, sun fi tashi ne a jikin kifin da ke cikin takura, kuma maganin da ke da tagulla ba ya shiga tankin murjani, domin yana kashe murjani da jatan lande.

Ranar sakin baƙo, ka ciyar da 'yan gida su ƙoshi, ka rage haske, sannan ka sa baƙon a akwatin sabo. Wannan akwatin roba ne garai-garai mai huje-huje da ake maƙalawa a jikin gilashi daga ciki, a ɗan jefa guntun bututu a ciki don ɓuya. Za su ga juna, amma cizo ba ya isa. Ranar farko za ka ga kilawun yana dukan robar da baki. Zuwa kwana uku ko bakwai yawanci ya gaji ya koma harkarsa, kuma wannan rashin kulawa ita ce alamar da kake jira. Ka buɗe akwatin da yamma dab da kashe fitila, a ranar da kake gida washegari.

Mataki na takwas: batun anemoni

Kilawun ba ya bukatar anemoni a tanki don ya rayu ko ya yi ƙwai. Samun ta yana iya tattara shi wuri ɗaya, sauran tankin ya huta, amma yana ƙara masa zafi a kewayenta. Nau'i 10 ne kawai na anemoni ke karɓar kilawun a teku. Mafi sauƙin riƙewa ita ce Entacmaea quadricolor, kuma ita ma tana bukatar haske mai ƙarfi da tankin da ya yi aƙalla wata shida yana aiki. Masu shimfiɗuwa kamar darduma na jinsin Stichodactyla suna cinye ƙananan kifaye, musamman gobi. Ka kuma tuna cewa anemoni tana tafiya da kanta, kuma duk inda ta koma can iyakar faɗa ta koma. Idan babu ita, kilawun yakan rungumi murjani mai laushi, ko na jinsin Euphyllia, ko ma kusurwar gilashi. Idan murjanin ya daina buɗewa saboda goga, ka rufe shi da ɗan kwandon roba na mako biyu.

Mataki na tara: idan faɗa ya riga ya ɓarke

Ka fara da mai sauƙi. Ka raba abinci sau biyu ko uku a yini, kana zubawa a kusurwoyi biyu lokaci guda. Ka liƙa ƙaramin madubi a wajen gilashi kusa da mazaunin mafaɗacin na yini ɗaya ko biyu, ya shagala da inuwarsa, amma kada ya daɗe don yana gajiyar da shi. Idan duwatsu za su motsu ba tare da ɓata murjani ba, ka sauya jerinsu don tsofaffin iyakoki su rushe.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a cire mai cin zalin, ba wanda ake zalunta ba, a tsare shi a akwati ko wani tanki na mako ɗaya zuwa biyu, ya dawo a matsayin baƙo. Banda idan wanda aka zalunta ya ji rauni sosai, to shi ne zai fita jinya. A nan akwai tarko guda: idan mata da miji ne ke korar wani, ka cire su tare, domin namijin da aka bari shi kaɗai na dogon lokaci yana iya fara rikiɗa, ka mayar da matarsa ta tarar da kishiya. Wajen kamu, tarkon roba mai abinci ko kofi garai-garai da dare ya fi raga, musamman ga marun, wanda ƙayar da ke kumatunsa takan sarƙe a zare. Idan ka yi wannan tsarewa sau biyu ba a ga canji ba, to ɗaya daga cikinsu sai ya bar tankin, ko a sa shinge na dindindin.

Idan suka fara ƙwai

Kifaye biyun da suka shekara lafiya da kowa suna iya canza hali dare ɗaya. Za ka ga suna gogar wani lafiyayyen gefen dutse da baki, sannan macen ta jera ɗaruruwan ƙwai ruwan lemo, namijin ya tsaya yana yi musu fifita. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa bayan duhu cikin kwana 6 zuwa 10, kuma lafiyayyun ma'aurata suna maimaitawa kusan kowane mako biyu, tsawon shekaru, tunda kilawun na iya wuce shekara 10 a tanki. A wannan lokaci ko hannunka bai tsira ba. Macen takan nufi fatar tsakanin yatsu ko bayan hannu, kuma cizon marun yana fitar da jini. Haɗarin ba cizon ba ne kamar firgitar da ke sa mutum ya fizge hannu ya ture dutse ko fitila. Ka sa doguwar safar roba, ka yi amfani da dogon hantsaki wajen aiki kusa da su. Ka kuma ajiye guntun tayil ko 'yar tukunyar yumɓu a kusurwar da ta fi nisa da sauran kifaye, kusa da inda suke kwana, domin idan suka karɓe ta a matsayin wurin ƙwai, tsaronsu zai tsaya a wannan kusurwa, sauran tankin ya zama na maƙwabta.